Filin Shawara: Ƙanwar Mijina Ta Kunyata Ni Kan "Is" Da "Are"

Gwaggo,

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Zariya. Ina gama sakandare aka yi min aure. Sakamakona ya yi kyau a Lissafi da darussan kimiyya, Turanci ne kawai na samu D7. Bara na sake zama jarrabawar NECO ta 'yan waje, D7 ɗin ta sake fito min. Burina in shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma Turancin nan ne kaɗai ya tare min hanya. Shi ya sa bana na shiga lesin na yamma.

Gwaggo, abin da ya sa na rubuto miki shi ne, muna da zauren WhatsApp na dangin maigidana. Ana shirin suna a gidan yayarsu a Kaduna, sai na ce bari in gwada ɗan abin da nake koyo. Na rubuta: "My husband together with his brothers are coming tomorrow." Ƙanwarsu wadda ta gama jami'a ta jawo saƙon nawa, ta rubuta "IS" da manyan baƙaƙe, ta jera fuskokin dariya, ta ce ashe kuɗin lesin da yayanta yake biya asara ce. Wasu suka taya ta. Da Abban yara suka dawo na nuna musu, sai su ma suka yi dariya, suka ce ai wasa take min.

Ni fa Gwaggo mutum huɗu ne za su yi tafiyar nan. Ta yaya mutum huɗu za su zama "is"? Malaminmu ya ce in abu ya wuce ɗaya "are" ake sawa. Amma shi da kansa ya rubuta a allo: "Rice and beans is my favourite food." Ni kuma da na rubuta "Neither my children nor my husband were at home," ya zagaye "were" da jan biro. Kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Yau sati uku ke nan ban je lesin ba, ko gaisuwa na daina rubutawa a zauren. Na fara tunanin ko Turanci ba rabona ba ne, in haƙura in zauna in yi renon 'ya'yana. Ki ba ni shawara don Allah.

Taki,
Maman yara uku, Zariya

'Yata. Sannu, kin ji?

Kafin in taɓa Turanci sai na fara ja miki kunne. Sati uku kina zaune a ɗaki saboda fuskokin dariya a waya? Yarinyar da ta yi miki dariyar tana can da takardar digirinta a akwati, ba abin da ya ragu a jikinta. Ke kuwa darasi ya wuce ki, kuɗin da aka biya yana tafiya a banza, jarrabawa tana ƙara matsowa. Wannan shi ne haushin kaza, huce kan dami. Ita ta yi laifi, ke kika hukunta kanki.

Gobe ki koma lesin. Ban ce jibi ba.

Ban ce abin ba shi da zafi ba. Duk wadda ta yi zaman gidan miji ta san nauyin idon dangin miji. Kuskuren da za ki yi a gaban ƙawayenki ku ƙyalƙyale ku manta, in a gaban danginsa ne sai ya bi ki har shimfiɗa ya hana ki barci. Kin tattara ƙarfin hali kin rubuta jimla ɗaya don a san ana koyo, aka watsa miki ƙasa a ido. Kuma na lura, ba dariyar yarinyar ce ta fi cin ranki ba. Ta maigidan ce. Za mu zo kansa.

Ga hukuncina, ba zan ɓoye miki ba don in faranta miki rai. A nahawun Turanci ƙanwar mijinki ta yi daidai, "is" ne. A tarbiyya kuwa ta sha ƙasa. Ke matar yayanta ce, yaya ce a wurinta. Mai son gyara da gaske zai bi ki ta gefe ya ce, Anti ga yadda ake rubutawa. Wanda ya yi gyara a tsakiyar taro har da shewa, kansa yake son a gani. To ki karɓi gyaran, ki bar mata shewar.

Yanzu gyara zama, ki ɗauko biro.

Wannan babi da ya ɗaure miki kai, malaman makaranta suna ce masa "concord". Ba komai ba ne illa jituwa tsakanin mai aiki da kalmar aikin, wato abin da malaman nahawun Hausa suke kira aikau da aikatau. Kin iya shi tun kafin ki iya ɗaura zane. Audu ya zo. Binta ta zo. Audu da Binta sun zo. Tun da aka haife ki ba ki taɓa cewa Audu da Binta ya zo ba, kuma ba wanda ya zaunar da ke ya koya miki. Namu ma ya fi nasu aiki, domin mu muna raba namiji da mace, su kuwa "he comes" da "she comes" duk ɗaya ne. Macen da take sarrafa ya da ta da sun ba tare da tuntuɓe ba, ba za ta zo ta ce min "is" da "are" sun fi ƙarfinta ba.

Kuma abin bai kai yawan da kike zato ba. Wuraren da Turanci yake tambayar ki ɗaya ne ko da yawa 'yan kaɗan ne: "is" da "are", "was" da "were", "has" da "have", "does" da "do", sai ɗan harafin "s" da ake liƙa wa aikatau in ana maganar abin da aka saba yi. In aikin ya riga ya wuce, "came" ne, "went" ne, "cooked" ne, ko mutum ɗaya ko dubu. "Will", "can", "must" da "should" ba sa canjawa ko kaɗan. Harafin "s" ɗin ne yake yaudarar mutane, don a jikin suna yana nuna jam'i, a jikin aikatau kuma yana nuna tilo. "The girl cooks." "The girls cook." Ki kalle su da kyau, za ki ga "s" ɗin wuri ya sauya kawai.

Malaminku bai yi ƙarya ba da ya ce abu biyu jam'i ne. Rabin maganar ya faɗa, ko kuma rabi kika ji ranar. In "and" ce ta haɗa su, haka ne: "Audu and Binta are here." "My husband and his brothers are coming tomorrow." Kin gani? Da "and" kika sa, da jimlarki ta tsaya daram, da yarinyar nan ba ta samu abin cewa ba.

Amma ke "together with" kika sa, kuma nan ne gizo yake saƙar. Ki tuna ranar da aka kai ki ɗakinki. Motoci cike da mata, gwaggonni da ƙawaye da maƙwabta, ana ta guɗa. Da dare ya yi, mutum nawa aka kai gidan miji? Ɗaya. Sauran 'yan rakiya ne, kowa ya kama gabansa. To duk sunan da ya biyo bayan "together with" ɗan rakiya ne, komai yawansu ba a ƙirga su. Haka abin yake da "along with", "as well as", "in addition to", "accompanied by" da "including". Aikatau yana tsallake su ya je ya duba wanda aka fara ambata. Shi ya sa ake killace su da waƙafi gaba da baya: "My husband, together with his brothers, is coming tomorrow." In kika juya, sai aikatau ya bi sabon na gaba: "His brothers, together with my husband, are coming tomorrow."

Dabarar mai sauƙi ce. Ki sa yatsa ki rufe abin da ke tsakanin waƙafin biyu, ki karanta abin da ya rage. "My husband is coming." Kunnenki da kansa zai gaya miki.

Kin san abin da ya ja ki cikin kuskuren? Bakinki na Hausa ne, kuma ba abin kunya ba ne. Mu in muka ce maigida tare da ƙannensa sun iso, ba wanda zai ɗaga kai, daidai ne a wurinmu. Ga kuma ladabi. A wasiƙar nan taki kin rubuta min Abban yara suka dawo, na nuna musu, suka yi dariya. Mutum ɗaya kike nufi, amma kunya da girmamawa sun sa kin mai da shi jam'i, yadda muke cewa Baba sun fita, Malam suna ciki. Allah ya yi miki albarka, kada ki daina. Sai dai Turanci bai san wannan ladabin ba. Ko sarki ne, in shi kaɗai ne, "is" zai samu. In za ki rubuta Turanci ki ƙirga kawuna kawai, girmamawar ki bar ta a zuciya.

Wannan dabara ta rufewa da yatsa za ta cece ki a wurare da yawa, kuma a nan nake so ki daɗe, don nan ne masu shirya jarrabawa suka fi haƙa rami. Dubi wannan: "The price of tomatoes and pepper has gone up." Ɗalibi zai ga tumatir, ya ga barkono, ya ga "and" a tsakaninsu, sai ya ruga ya zaɓi "have". Amma me ya tashi? Tumatir ne ya tashi, ko farashi? Farashi ne, kuma ɗaya ne. "The box of plates and spoons is in the kitchen." Akwati ake magana, ba kwanuka ba. "One of my children is ill." Yaro ɗaya ne ba shi da lafiya, Allah ya tsare sauran. Duk jimlar da ta yi tsawo, kada ki yarda kalmar da ke maƙwabtaka da aikatau ta ruɗe ki. Ki tsaya ki tambayi kanki: wa ake magana a kansa? Sannan ki ƙirga.

Mu zo kan shinkafa da waken malaminku. Nan ma bai yi kuskure ba, kuma ke ma haka kike faɗa kullum ba ki lura ba. In kin sauke garau-garau kina kiran yara, me kike cewa? Ku zo, shinkafa da wake ta dahu. Ba ki cewa sun dahu, domin abinci ɗaya ne a tukunya ɗaya. Amma in kin dawo daga kasuwar Sabon Gari ranki a ɓace, cewa za ki yi shinkafa da wake sun yi tsada, domin kowanne da buhunsa da kuɗin tiyarsa. Haka Bature yake yi. "Rice and beans is my favourite food." "Rice and beans are expensive this year." Su a can abin da suka fi buga misali da shi burodi da man shanu ne, "bread and butter", da kifi da soyayyen dankali, "fish and chips". In abu biyu sun haɗu sun zama abu guda a ma'ana, tilo ne.

Mutum ɗaya mai riƙe da matsayi biyu ma haka ne. "My friend and neighbour is ill" mace ɗaya ce, ita ce ƙawar, ita ce maƙwabciyar. "My friend and my neighbour are ill" mata biyu ne, dubiya biyu ta kama ki. Ki lura da "my" ko "the". In an maimaita ta, mutum biyu ne. In sau ɗaya ta zo, galibi mutum ɗaya ne.

Sai "every" da "each". In ɗayarsu ta zo a gaba, ko sunaye nawa aka jera, tilo ne: "Every boy and girl has a book." Mu ma ai kowa da kowa ya zo muke cewa. Wannan ba sai na daɗe a kansa ba.

Saura jan biron da aka zagaye miki "were". "Or" da "nor" ba sa tara mutane wuri ɗaya yadda "and" take yi. Raba su suke yi, ko wannan ko wancan. Don haka in duka biyun tilo ne, aikatau tilo ne: "Either Audu or Binta has the key." In kuwa ɗaya tilo ne ɗaya jam'i, aikatau yana bin wanda ya fi kusa da shi. A jimlarki mijinki ne ya zo ƙarshe, shi ne a gefen aikatau: "Neither my children nor my husband was at home." Juya ta ki gani: "Neither my husband nor my children were at home." Duka biyun daidai ne, amma ta biyun ta fi daɗin ji, shi ya sa nake ba ɗalibai shawara su riƙa ajiye jam'in a ƙarshe. "Not only" da "but also" ma wannan hanyar suke bi.

Akwai wata mai wuyar haɗiya, "Either you or I am wrong." A littafi daidai ce, in ta fito a tambayoyin canki-canka ki zaɓi "am". Amma a insha'inki kada ki jawo wa kanki ita. Rubuta "One of us is wrong," ki wuce abinki. Mai wayo a ɗakin jarrabawa yana rubuta jimlar da yake da tabbas a kanta.

Bari in gaya miki wani abu da zai sanyaya miki rai. Tambayoyin nan uku da kika kawo min ba na daƙiƙai ba ne. Wani ƙaton littafin nahawun Turanci da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985 ya nuna ƙa'idoji uku ne suke jan aikatau: siffar kalmar kanta, ma'anar da mai magana yake nufi, da kuma kusanci. Wani lokaci ukun nan suna karo da juna, kuma daidai inda suke karon ne kika yi tuntuɓe. Masu harshen kansu suna yi. A hirar yau da kullum za ki ji Bature ya sa "were" bayan "neither" da "nor" ba tare da ya damu ba. Mutanen Ingila suna cewa "the team are", na Amurka suna cewa "the team is". A arewacin Ingila da Sikotilan akwai karin harshen da yake liƙa "s" a aikatau ko da sunan jam'i ne. Shakespeare ma, wanda ya rasu a 1616 kuma har yau ake karanta shi a makarantunmu, akwai wuraren da ya haɗa sunaye biyu da "and" ya bi su da aikatau na tilo. Ban gaya miki wannan don ki je ki yi gardama da mai duba takarda ba. Shi ƙa'idar littafi aka ba shi, ita zai bi, ita za ki ba shi. Na gaya miki ne don ki daina ɗaukar kanki a matsayin wadda ba ta da ƙwaƙwalwa.

Kuma ki san darajar abin a maki. A tsarin WAEC insha'i yana da maki 50: goma na abin da kika faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, na nahawu ne, na rubutun kalma ne ko na aya da waƙafi. Kurakurai ashirin cikin rubutu mai kalma 450 sun cinye goman nan tas, kuma takardar da ta cika da jan biro ba ta samun kirki a makin sarrafa harshe ma. Ga tambayoyin canki-canka, inda wannan babi ba ya rasa fitowa, a WAEC, a NECO, har a JAMB. A jadawalin da makarantu suka saba amfani da shi, D7 daga 45 ne zuwa 49, C6 kuma tana farawa daga 50. Kin ga ke a bakin ƙofa kike tsaye. Makarantun jinya kiredit biyar suke nema, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Huɗu suna hannunki. Don 'yan maki ƙalilan za ki bar aikin da za ki taimaki mata masu naƙuda da yara marasa lafiya? Haba 'yata.

Ba zan yaudare ki in ce wannan babi kaɗai zai ba ki kiredit ba. Akwai auna fahimta, akwai taƙaitawa, akwai ɓangaren furuci, kowanne yana son nasa lokacin. Amma wannan yana cikin waɗanda ake iya gyarawa cikin 'yan makonni in an dage.

Ki sayi littafin tsofaffin tambayoyi. Ki ware littafin rubutu guda don kurakuranki kaɗai, duk jimlar da aka zagaye miki ki kwafe ta ki rubuta gyaranta a ƙasa. In kin samu Brighter Grammar, wanda iyaye da yawa suka yi karatu da shi, ki fara da shi, kada ki raina shi don na yara ne. English Grammar in Use na Raymond Murphy ma yana da amfani, bayani a shafi ɗaya, aikin gwaji a shafin da ke kallonsa. Kullum bayan sallar isha'i ki ɗauki sakin layi ɗaya a jaridar Turanci, ki ja layi ƙarƙashin mai aikin, ki ja biyu ƙarƙashin aikatau, ki karanta da ƙarfi kunnenki ya saba. In yara suna aikin gida ki zauna a cikinsu. Abin da bai shige ki ba a aji ki ɗaga hannu ki tambaya, ko 'yan matan da kika girme su za su juyo su kalle ki. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu maigida. Mutumin da yake biyan kuɗin lesin ɗin matarsa, yake barin ta fita da yamma neman ilimi, ba maƙiyin karatunki ba ne. Mata nawa suke roƙon wannan dama ba su samu ba? Don haka kada ki ɗora masa laifin da ya fi nasa. Maza da yawa in rigima ta taso tsakanin mata da ƙanwa, dariya suke fakewa da ita don kada su shiga tsakani. Amma ya kamata ya san ta yi miki ciwo, kuma ba zai sani ba in kina ta kumbura fuska kina tura masa abinci ba magana. Ki bari ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki ce masa: ranar nan na so ka tsaya min, dariyarka ta fi ta kowa yi min zafi. Ki tsaya a nan. Kada ki zagi ƙanwarsa, kada ki tono tsofaffin laifuffuka. In mai hankali ne, kuma ina kyautata masa zato, shi zai san yadda zai yi mata magana.

Zauren kuma kada ki fita. Fita zai zama wani sabon abin magana. Ki rubuta mata layi ɗaya: na gode da gyara, Allah ya ƙara ilimi. Ki ci gaba da gaishe da mutane yadda kika saba, da Hausa ko da Turanci, duk wanda ya zo miki.

Bari in juyo gare ku, masu karatu, don na san ba ita kaɗai ba ce. Wa ke cikinmu da bai taɓa buɗe baki zai yi Turanci a banki ko a asibiti ko a taron iyayen yara ba, gabansa ya faɗi, ya haɗiye maganar? Mun mai da kwafsawa a Turanci abin kunyar da ya fi ƙarya da cin amana. Yaro zai yi kuskure ɗaya a aji a sa masa suna da shi har ya gama makaranta, daga ranar ya kulle bakinsa, kuma bakin da aka kulle ba ya koyon harshe. Mace za ta san amsa sarai a wurin ganawar neman aiki, tsoron "is" da "are" ya sa ta yi shiru a ba wa wata. Wannan asara ce ta gaske, ta albashi da ta mutunci.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu dariyar nan da yawansu ba su iya rubuta harshen uwarsu ba. Za su rubuta yazo da tazo a haɗe, su kasa raba ƙasa da kasa, su jefar da ƙugiyar ɗa da ɓa, kuma ba mai ce musu uffan. Ku 'yan jami'a, ilimin da Allah ya ba ku amana ce. Akwai lokacin da ku ma ba ku san bambancin "has" da "have" ba, wani ya yi haƙuri da ku. In kun ga kuskure a rubutun babba, ku bi shi ta gefe. Ku kuma malamai, don Allah in za ku koyar da ƙa'ida ku faɗe ta duka, kada ku ce abu biyu jam'i ne ku tsaya, gobe ku zo da jan biro. Kuma ba laifi ba ne ku ɗauko misali daga Hausa. Ɗalibin da aka nuna masa ya riga ya san abin a harshensa, rabin tsoronsa ya tafi. Mazaje kuma, in matarka ta koma makaranta bayan haihuwa uku, jarumta ta yi. Ka zama na farkon mai kare ta a gaban danginka.

'Yata, ga aikin gida, ke da duk mai so. Cike gurbin da "is" ko "are", sai ta ƙarshe da "has" ko "have".

The nurse, as well as the cleaners, ___ on duty.
Neither the doctor nor the nurses ___ around.
The smell of onions and garlic ___ strong.
My sister and I ___ ready.
Every man and woman in the ward ___ eaten.

Kada ki ba kowa ya yi miki. Ki rufe 'yan rakiya da yatsa, ki nemo wanda ake magana a kansa, ki ƙirga. In kin gama ki kai wa malaminku gobe ya duba, sannan ki aiko min da amsoshin, za mu kawo su a fitowa ta gaba. Da zarar an buɗe rajistar jarrabawar 'yan waje ki yi da wuri, kada ki jira ranar rufewa. Allah ya ba ki sa'a, ya raya miki zuri'a, ya daidaita tsakaninki da dangin mijinki. Ina jiran wasiƙarki.

Taku,
Gwaggo